Tunda na fara zuwa jim sikeli ya tsaya cak, in ƙara abinci ne ko in rage?

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Dan Allah ki taimaka min da shawara wlh kaina ya ɗaure. Shekarata 34, yarana uku, ina zaune a Agege ina aiki a wani ofis a Ikeja. Wata uku da suka wuce na hau sikeli a asibiti na ga kilo 93, tsawona kuma santimita 163 ne, likita ta ce in rage. Na sauke manhaja a waya ina rubuta duk abin da na ci, ita ta yanka min kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) 1,300 a rana, kuma Alhamdulillah na sauko zuwa 88. Toh yau sati uku kenan da na fara zuwa wani jim na mata kusa da ofis, sau huɗu a sati in an tashi aiki, minti 30 ina tafiya da sauri a kan inji sai minti 20 ina ɗaga ƙarfe mara nauyi. Tun ranar da na fara sikeli ya ƙi motsi, jiya ma 88.9 na gani sai da na kusa kuka. Ga jiri in na sauko daga kan inji, in na iso gida wajen takwas da rabi kuma yunwa kamar in ci babu, wani lokacin har ragowar taliyar yara nake haɗawa da nawa. Agogon hannuna yana nuna na ƙona kalori 600. Ƙawata ta ce in ci 600 ɗin nan ai guminta ne na samo, kocinmu kuma ta ce tunda sikeli ya tsaya in koma 1,000 a rana. Anti wanne zan bi?

Ƙanwarki daga Agege

Wa alaikis salam ƙanwata. Da farko dai sannu da ƙoƙari, kilo biyar a wata uku ga aiki ga yara uku ga gosulon Legas ba abin rainawa ba ne, kuma irin wannan saukar ake so, ba irin wadda mace za ta zube lokaci guda dangin miji su fara ƙus-ƙus ko lafiya ba. Amsata ita ce kar ki bi ko ɗaya a cikinsu. Za ki ƙara abinci amma kaɗan, kalori 150 zuwa 200, a ranakun jim kawai, kuma ki ci shi kafin ki shiga jim ɗin ba bayan kin dawo gida a galabaice ba. Bari in warware miki dalili sbd kar gobe wata ƙawar ta sake zuwa ta juya miki kai.

Mu fara da sikelin tunda shi ya kusa sa ki kuka. Kilo ɗaya na kitsen jiki kusan kalori 7,700 ne. Kinga kenan kafin giram 900 ɗin nan su zama kitse sai kin ci rarar kalori wajen 7,000 a kan abin da jikinki ke buƙata a cikin sati ukun nan, wato kullum ta Allah kina loda tuwo kina korawa da lemo kuma ki manta kin yi. Na san ba haka aka yi ba. Yawancinsa ruwa ne. Duk wanda ya fara motsa jiki bayan ya daɗe a zaune, tsokarsa tana ɗan jin jiki ta kumbura ta riƙe ruwa tana gyara kanta, shi ne wannan tsamin jikin da kike ji in kin zo sujada ko za ki tsuguna. Sannan tsoka tana fara ƙara ajiye wani nau'in sukari a cikinta don aikin gobe, shi kuma kowane giram nasa da ruwa kusan giram uku yake tafe. Ki haɗa da kwanakin da al'ada ta gabato, ki haɗa da ranar da aka ci tsire ko miya ta ji magi da gishiri, kilo ɗaya har biyu na iya hawa ya sauka a cikin sati ba tare da kitse ya ƙaru ko ya ragu ba.

Sai dai kar ki yarda da masu ce miki ai tsoka ce ta fito shi ya sa kika yi nauyi. Ana faɗa ne don a kwantar wa mutum da hankali amma ba gsky ba ne, mace mai rage abinci ba ta tara kilo guda na tsoka a sati uku da ƙarfe mara nauyi, da haka abin yake da sauƙi da masu turin baro a Mile 12 sun fi ƙarfin ƙofar gida. Ruwa ne, sai kuma wani kaso da taliyar yara ta cinye, wannan ma za mu zo kansa.

Yanzu agogo. Ƙawarki tana da kirki amma agogon da ta dogara da shi ba shi da amana a wajen kalori. A shekarar 2017 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada irin waɗannan agoguna kala bakwai, a wajen ƙirga bugun zuciya yawancinsu sun yi ƙoƙari, amma da aka zo kan kalori wanda ya fi kowanne daidai ma kuskurensa ya kai kashi 27 cikin 100, na ƙarshensu kuwa kashi 93. Agogo bai san abin da ke faruwa a cikin jikinki ba, hasashe yake yi daga bugun zuciya da kaɗa hannu, kuma wanda ya daɗe bai motsa ba zuciyarsa tana saurin hawa ko da aikin bai taka kara ya karya ba, ballantana a cikin zafin Legas mai danƙo ɗin nan a ɗakin da fanka ɗaya ke juyawa in an ɗauke wuta.

A nauyinki, tafiyar sauri ta minti 30 ba za ta wuce kalori 170 zuwa 200 ba, ƙarfen minti 20 kuma wajen 100. Duka dai ki ce 300 in an yi miki kara. A cikin 300 ɗin ma akwai wajen 60 da ko kina zaune a kujerar ofis kina danna waya jikinki zai ci abinsa. Abin da ya ƙaru da gaske bai wuce 200 zuwa 250 ba. In kika ci 600 kin biya bashin da ba a ci ba har da ƙari, ranar jim ta koma ranar da ba a rage komai ba, tufka da warwara kenan.

Ni wannan ramin na taɓa faɗawa shi ya sa nake miki magana da ƙarfin gwiwa. Shekarun baya duk Asabar da asuba ni da maƙwabciyata mukan tafi filin wasa na Surulere, dogon hijabi da kambas, mu yi ta zagaye har rana ta ɗago muna haki muna jin mun yi abin kai. A hanyar dawowa sai mu ratse Idi-Araba wajen wata mai masa, ni shida nake ci da miyar taushe da ɗan nama, in kora da malt mai sanyin nan da kwalbarsa ke raɓa, a raina ina cewa ai na yi aiki. Wata biyu ana haka na kai wa telata atamfa, ta ɗora min tef a ƙugu ta duba littafinta ta sake ɗorawa, sai ta ce Hajiya sai dai fa mu ƙara inci ɗaya a kan awon da. Wlh kamar ta watsa min ruwan sanyi. Zagayen awa ɗaya, cin minti goma, kuma na minti goman ne ya yi nasara.

Akwai kuma wani wayon da jiki yake yi da ba kowa ke lura ba. Ranar da kika yi jim sai ki ga da daddare ko rimot ba kya iya tashi ki ɗauko sai an kira yaro, washegari a ofis benen da kike takawa da ƙafa ki tsaya jiran lif, shara da wanke-wanke a bar wa yara. Wannan ƙananan motsin da kika daina su ma kalori ne, sai ya zama jiki ya karɓe da hagu wani kaso na abin da ya bayar da dama. Wani masani mai suna Herman Pontzer da abokan aikinsa sun auna mutanen Hadza na ƙasar Tanzaniya, mafarauta masu yini suna yawo a daji, suka fitar da sakamako a 2012 cewa in aka yi la'akari da girman jiki, kalorin da suke ƙonawa a rana bai wani zarce na mutanen Amurka da Turai masu zaman ofis ba. Ba wai motsa jiki banza ba ne, ko kusa, shi ke gyara zuciya da hawan jini da sukari da barci, shi ke sa in kin rame ki rame da ƙwari ba ki yi yaushi kamar alayyahun jiya ba. Amma a maganar saukar kilo, tukunya ce gaba.

Toh sai kocinku da 1,000 ɗinta. Wannan ita ta fi ba ni tsoro. Mace na cewa tana jin jiri a ce ta ƙara rage abinci? Ko a asibiti ba a cika sa mace ƙasa da 1,200 a rana ba sai likita na bibiyarta. Abin da zai faru na san shi kamar yunwar cikina, kwana huɗu za ki daure, rana ta biyar gosulo ya riƙe ku a hanyar Agege mai talla ya miƙo Gala da lemo mai sanyi ta tagar danfo, kafin ki ankara kin ci biyu, ki iso gida ki ce ai yau ta riga ta ɓaci ki buɗe tukunya. In ma kin iya daurewa, abin da zai tafi ba kitse kaɗai ba ne har da tsokar da kike biyan kuɗin jim don ki riƙe, ga zubar gashi, ga faɗa da yara ba dalili, wasu har al'adarsu ta rikice. A garin neman gira a rasa ido.

Yanzu bari in faɗa miki wata magana kar ki ji haushina. Ba 1,300 kike ci ba. Ba ƙarya na ce kin yi ba, lissafinki ne da kansa ya faɗa. Akwai ma'aunin da masana abinci ke amfani da shi tun 1990, ana ce masa Mifflin-St Jeor, in aka sa nauyinki da tsawonki da shekarunki yana ba da kusan 1,570, wato abin da jikinki zai ci ko kwance kika yini. A ɗora zirga-zirgar mai aikin ofis a kai ya kama wajen 2,000. Da 1,300 kike ci da gaske da giɓin kullum 700 ne, a kwana 90 da kin sauke wajen kilo takwas. Biyar kika sauke, giɓin kenan bai fi 430 ba a rana, abin da ke shiga cikinki ya kai 1,550 ko 1,600. Kuma hakan daidai ne, kar ki taɓa shi, shi ya kawo ki 88 lafiya lau. Na faɗa ne don ki san lambar manhaja ba aya ba ce, kuma in na ce ki ƙara 150 zuwa 200 ina nufin a kan abin da kika saba ci ɗin nan, ko nawa ne shi a zahiri.

Ina sauran suke ɓuya? Mai ne babban ɓarawon. Cokalin cin abinci ɗaya na mai kalori 120 ne, man gyaɗa ne ko manja ko man zaitun mai tsadar nan duk kanwar ja ce a wajen kalori, mu kuma ba ma aunawa, daga galan muke tsiyayawa sai ido ya ce ya isa. Yau in za ki soya miya ki cika ludayin da kike ɗiban mai da shi, ki juye shi cokali-cokali a kofi kina ƙirgawa, ki ga nawa ya ci. Ni ranar da na yi haka shiru na yi na ɗan lokaci a kicin. Su kuma manhajojin nan yawancinsu ba su san miyar kuka ko ɗanwake ko ewa agoyin ba, wani ne can ya shigar da lamba yadda ya ga dama kowa ke kwafa. Sai ɗanɗanon miya sau uku, loma biyu daga kwanon auta don kar a zubar, gyaɗar da ake tauna a ofis wadda giram 100 ɗinta ya haura 550, lemon kwalba na roba wajen 200, da bikin Asabar wanda ba mai rubuta shi a manhaja tsakani da Allah. Mutane na ta tsokanar cewa teba ce ke kawo teɓa, alhali sau da yawa miyar da ke gefenta mai iyo cikin manja ta fi ta laifi.

Ga yadda zan so ranar jim ɗinki ta kasance. Na tabbata abincin rana kike ci wajen ƙarfe ɗaya, ɗan kaɗan, daga nan ba komai sai takwas da rabi, a tsakiya kuma kin hau inji. Ruwa ba ya tsami banza, jirin nan da yunwar daren nan uwarsu ɗaya. In kin idar da la'asar ki ci ayaba ɗaya da dafaffen ƙwai ɗaya, wajen 175 kenan, ko ƙaramin kofin kindirmo ba sukari da dabino biyu, ko alale ɗaya madaidaici. Tun da safe za ki sa shi a jaka tare da kayan jim, in kika ce sai kin fito za ki nema fanke da cincin za ki tarar. Ki sha ruwa sosai tun da rana ba sai kin hau inji ba, kuma in lokaci ya cika kar ki kashe injin ki diro, ki rage gudunsa ki taka a hankali minti biyar, tsayawa farat ɗaya kanta tana kawo jiri. Abincin dare kuma ki zuba naki a faranti ki rufe tun kafin ki zauna, ragowar na yara a juye a sa a firij kafin ki fara ci. Ranakun da ba jim ki ci yadda kika saba.

Ki kuma duba abin da ke cikin farantin, sbd abinci mai gina jiki shi ke riƙe ciki kuma shi ke tsare tsoka. Ki nemi furotin, wato sinadarin nan mai gina jiki, wajen giram 90 zuwa 100 a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kifi kamar faɗin tafin hannunki wajen 20, kofin dafaffen wake ya haura 12. Na san kuɗin ƙwai da kaza yanzu sai addu'a, amma wake da panla da awara suna nan, sai dai awarar a daina nutsar da ita a mai, a sa ta a miya ko a gasa. Shinkafa a rage ludayi ɗaya a cike gurbin da kabeji ko kwaɗon zogale mara ƙuli da yawa. Ba sai kin sayi garin furotin na gwangwani ba, shayin rage ƙiba da ake tallarsa a Instagram kuwa yawancinsa gudawa da fitsari yake sawa, ruwa ne ke fita ya dawo jibi. Haka ɗamarar roba da ake ɗaurawa a ciki don a yi zufa.

Daga nan sai haƙurin sati huɗu, kuma huɗu na ce don al'ada ta zagayo sau ɗaya mu ga gaskiyar lamari. Ki daina hawa sikeli da daddare. Sau uku ko huɗu a sati, da safe bayan kin fito bayi kafin ki karya, sikeli ɗaya, a kan siminti ko tayil ba kan kafet ba, ƙarshen sati ki haɗa ki raba ki rubuta lamba ɗaya. Duk Asabar kuma ki ɗauko tef ɗin tela ki auna daidai cibiya, sau da yawa tef yana riga sikeli kawo albishir. In kina sauka kamar rabin kilo a sati, ko ƙasa da haka kaɗan, kar ki canza komai. In sati huɗu sun cika sikeli bai motsa ba tef ma bai motsa ba, toh a lokacin ne za a cire 100 zuwa 150, kuma daga mai da abin sha za a fara cirewa ba daga ƙwan la'asar ba. In kuma kin ga kina zubar da fiye da kilo a sati ga kasala ga rashin barci, ki ƙara wani 100 ɗin. Sau huɗun da kike zuwa ya isa, minti 200 kenan a sati, hukumar lafiya ta duniya 150 zuwa 300 ta ce, don haka kar wani ya ce ki mayar da shi kullum.

Maganar jiri dai ba zan bar ta haka ba. In kin gyara ci da sha sati ɗaya bai daina ba, ki koma wajen likitarki a auna hawan jini da sukari a kuma duba yawan jininki, mata da yawa masu haihuwa uku suna yawo da ƙarancin jini ba su sani ba, musamman in al'ada na zuwa da yawa. In kina shan maganin hawan jini ko na sukari ki gaya mata kin rage kilo biyar kin kuma fara jim, wataƙila maganin ne ya yi miki yawa yanzu, amma kar ki rage shi da kanki. Ba ki faɗa min ko kina shayarwa ba, in kina yi duk lissafin nan sai an ɗaga shi sama. Ciwon ƙirji, ko numfashi ya sarƙe, ko ki ji kamar za ki faɗi, wannan ba na jira ba ne, a sauko daga inji a tafi asibiti. In kuma kina azumin Litinin da Alhamis ki mayar da jim Talata, Laraba, Juma'a da Asabar, kar ki haɗa su rana ɗaya a wannan zafin.

Kocinku ba sai kin yi musu da ita ba, ki ce mata likita ce ke kula da abincinki, ita ta ci gaba da nuna miki yadda ake riƙe ƙarfe. Bayan sati huɗu ki sake rubuto min da lambobin sikeli guda huɗun nan da awon tef, ki kuma gaya min cokali nawa ludayinki ya ci. Ki gaida yara.